Yadda Na Kusa Fitar da Yayata Daga Jami'a

Bari in fara da laifina, tunda duk wanda zai ba da labarin nan a gidanmu da shi yake farawa. Na yi wa mai sayar da magani ƙarya a kasuwar Maijirgi. Ƙaryar ba ta kai tsawon tsinken ashana ba, kuma ban yi ta don in cuci kowa ba. Na yi ta ne don in samu maki mai kyau a lise, wato makarantar sakandare. Abin da ta jawo kuwa, jakai uku ba sa iya ja.

A lokacin ina karatu a Tasawa, ina zaune gidan kawuna, sai an yi hutu nake komawa gida Maijirgi. Mushen, wato malamin, da ke koya mana kimiyyar halittu mutum ne mai son abin da yake kira anket, wato ka fita ka tambayi mutane da bakinka. In ka kwafo masa abu daga salula, wayar hannu ke nan, ko bai karanta ba yana ganewa, kamar takardar tana wari. Ana saura sati guda a tafi konjen Paki, wato hutun Ista, tsakiyar bazara, ya ce kowa zai yi espoze in an dawo: ka tsaya gaban allo ka yi wa aji bayani a kan batu ɗaya. Ya ninke ƙananan takardu ya zuba cikin hularsa. Wani ya ɗauko sauro. Wata ta ɗauko ruwan sha. Ni da na sa hannu sai na ɗauko ciki.

Sai da ya buga tebur sau uku kafin aji ya daina dariya.

"Cikin da ba a shirya ba a tsakanin ɗalibai," in ji shi. Ya yi mana bayani cewa a wasu ƙasashe masu nisa ana ta gardama ko ya kamata ɗakin shan magani na jami'ar gwamnati ya riƙa ba ɗalibai mata ƙwayar da ke zubar da ƙaramin ciki, a hannun likita. A nan ƙasarmu doka ba ta yarda ba, sai in likitoci sun ga ran uwa ko lafiyarta na cikin haɗari, ko abin da ya yi kama da haka. Sannan ya nuna ni da alli. "Amma don doka ta hana, ba shi ke nan an daina ba. Je ka gano mini inda ɗalibai ke zuwa in abin ya same su. Da ƙafarka za ka je, ba da ɗan yatsanka ba."

Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ga kaina ɗan jarida, na ga aji yana tafa mini, na ga Mushe yana share hawaye da gefen rigarsa. Na sayi sabon kaye, wato littafin rubutu, na saƙala bik ɗin rubutu a bayan kunne.

Na fara da wata farmasi a Tasawa. Matar da ke bayan kanta tana da tabarau a ƙarshen hanci, irin wanda ake kallon mutum ta samansa. Na gaishe ta da Faransanci don ta san da wa take magana, na yi tambayata tsaf, ban ɓoye komai ba.

"Ina ordonas?" ta ce, tana nufin takardar likita.

"Ba saye zan yi ba, madam. Tambaya ce kawai."

"Wa ya aiko ka?"

"Mushenmu."

"Mushen naku ne ke da cikin?"

Wani tsoho da ke jiran maganin tari ya yi dariya har tarin ya tashi, sai da aka ba shi ruwa. Na fita da kayena fari fat. A hanya na yanke hukunci cewa gaskiya ba ta aikin jarida.

A wajenmu ba wanda ke sayen maganin kunya don kansa. Wannan kowa ya sani, ni ne dai boko ya mantar da ni. Dattijo mai basir zai zo yana tafiya kamar an ɗaure masa turmi tsakanin ƙafafu, ya ce maƙwabcinsa ne ya aiko shi. Sabon ango zai ce wani abokinsa ne. Mai magani ba ya tambayar wane maƙwabci ko wane aboki, wannan ma doka ce. Ɗan aike kuma ko wuƙa aka sa masa a wuya ba ya faɗin wanda ya aike shi. Abin da dokar ba ta hana ba shi ne na kusa su miƙa kunne, su yi ta canka a ransu.

Da wannan ilimi na isa kasuwar Maijirgi ranar kasuwa ta farko bayan an ba mu hutu. Mai maganin yana da tebur a ƙarƙashin rumfar zana, ƙwayoyi ja da kore da rawaya a baje kamar alewa. Ya san ni tun ina yawo ba wando. A gefensa akwai wata mai ƙuli-ƙuli da ban ko kalla ba, kuma wannan shi ne kuskurena na biyu.

"An aiko ni," na ce, na rage murya yadda na ga manya na yi.

"To madalla, ɗan gidan Malam. Na mi?"

Na faɗa masa.

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da jera kwalayensa. "Ba ni da shi. Ban taɓa ganin shi ba. Haramun ne ma."

Da mai hankali ne da ya tafi. Amma ni bakina ba ya iya barin miya ba yaji. Na matsa kusa na ce, "Ai wata ɗalibar jami'a ce. Jarrabawa ta matso, abin ya tsaya mata a wuya."

Hannunsa ya tsaya cak. Ya dubi dama, ya dubi hagu, har sama ya duba, ko mala'iku sun je cin abinci. Sannan ya sunkuya ya jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur. A ciki akwai ƙwayoyi ƙulle a leda, ba kwali, ba rubutu, rana ta gasa su har sun koma launin haƙoran mai cin goro.

"Wanga daga ƙetare ya zo," ya ce.

"Yaya sunansa?"

"Magani."

"In an sha jini ya ƙi tsayawa fa?"

"Kai ɗan aike ne ko alƙali?"

Na ce bari in je in yi shawara da mai aiken. Na laɓe bayan amalanken jakai na rubuta komai a kaye da Faransanci, har launin ƙwayoyin. Daɗi ya cika ni. Na sayi rake na zauna ina sha, ina gwada muryar da zan yi espoze da ita.

Abin da na manta shi ne, duk unguwarmu, kai har unguwannin da ke maƙwabtaka da mu, ɗalibar jami'a ɗaya ce tak. Ita ce Yaya, ɗiyar farin Inna, tana shekara ta biyu a Maradi tana karatun aikin gona. Kwana biyu kafin nan ta sauka daga mota da jakarta, gari duka yana kallo.

Ban san irin motar da labari ke hawa ba. Ni dai na san kafin in gama gaɓa uku na rake ya riga ni gida, ya sha ruwa, ya huta. A hanyata ta komawa kowa na kallona. Wata tsohuwa ta ce "Allah ya shirya." Har jakin maƙwabcinmu ya kawar da kai da na wuce.

Na shiga gida bayan la'asar na tarar an kafa kotu. Gwaggo, yayar Baba, tana zaune kan tabarma a tsakar gida, mayafinta a kafaɗa, numfashinta bai gama dawowa ba. Ashe mai ƙuli-ƙulin nan katanga ɗaya ce tsakaninsu. Baba yana kan kujerarsa ya sunkuyar da kai. Inna tana madafa tana hura wutar da ta riga ta kama. Yaya tana tsaye bakin ɗaki da littafi a hannu, ɗan yatsanta a cikin shafin da aka katse ta.

"Zo nan, auta," in ji Gwaggo da murya mai zaƙi. "Zauna. Wa ya aike ka wurin mai magani?"

"Ba kowa, Gwaggo."

Ta juya ga Baba. "Ka ji ko? Yaron kirki. Shina rufa ma yayarshi asiri."

"Wallahi ba wanda ya aike ni. Aikin lakkol ne, daga makaranta aka ba ni."

"Ka ga har rantsuwa ya iya. An koya mai da kyau."

A nan na gane ramin da na faɗa. Ɗan aike na gari ba ya faɗin mai aike. Saboda haka duk musun da na yi sai ya zama shaida. In na ce a'a, an ce amana ce. In na ɗaga murya, an ce tsoro ne. Kuma kada in ɓoye muku, ba ni da suna mai kyau wajen gaskiya. Ni ne na taɓa cewa na ga kura a bayan rijiya, maza suka fita da sanduna suka tarar da ɗan akuya mai tari. Ni ne na ce a Tasawa akwai bene mai tsawon da in ka hau kana hango Makka. Shekara goma sha bakwai ina shuka irin wannan, ranar nan aka zo girbi.

Na ruga na ɗauko kayena. "Ga shi, komai a rubuce. Ga sunan aikin, ga abin da Mushe ya ce."

Baba ya karɓa, ya juya shi, ya sake juya shi. Baba yana karanta allo da ajami kamar ruwa, amma Faransanci a wurinsa tafiyar tururuwa ce. Gwaggo ta leƙa ta ce takarda ba ta ƙin tawada. Mutum ɗaya ne a gidan, ban da ni, ke iya karanta abin da ke ciki.

"Kawo in karanta muku," in ji Yaya.

"Ɓarawo ya zama mai gadi," in ji Gwaggo. Sannan ta fito da babbar shaidarta. "Kuma tun da ta zo ban ga ta taɓa buta ba. Kwana biyu ba salla. Mi ya hana ta?"

Inna ta san abin da ya hana ta, kowace mace a gidan ta sani, lokacinta ne na wata. Amma Yaya ɗiyar fari ce. Inna ko sunanta ba ta faɗi, "yarinyar nan" take cewa, balle ta tsaya gaban miji da yayar miji ta kare ta a kan maganar jini. Na ji muciya ta faɗi a madafa, shi ke nan abin da Inna ta ce.

Sai ku san wani abu game da Baba. Ranar da Yaya ta ci bak, jarrabawar da ke kai mutum jami'a, mutanen majalisarsu sun ce masa ɗiya mace ita kaɗai a birni kamar nama ne a bakin hanya. Gwaggo ta ce in noma ne, ga gona nan bayan gida, mi za a je Maradi a koyo. Baba ya ce ya san irin da ya shuka. Shekara biyu yana cin wannan gori da tuwo, bai taɓa tanƙwarawa ba. Shi ya sa da ya ɗago kai ranar nan, ban ga fushi a fuskarsa ba, kuma da fushin na gani da ya fi mini sauƙi.

"Ran Litinin motar Maradi za ta tashi ba da ke ba," ya ce wa Yaya. Ya miƙe ya sa takalmi ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta ajiye littafinta, ta kama kunnena na hagu, ta ja ni bayan rumbu. Na rantse kunnen nan har yau ya fi ɗan'uwansa tsawo.

"Faɗa mini duk abin da ka ce, sarkin ƴan jarida. Kada ka rage, kuma kada ka ƙara, in kana iyawa."

Na faɗa mata. Da na zo kan "ɗalibar jami'a" sai ta saki kunnen ta dafa kanta.

"Duk duniya ka rasa ƙaryar da za ka yi. Ba ka ce matar wani direba ba, ba ka ce wata baƙuwa daga Najeriya ba."

"Na ga kamar jami'a ta fi nauyi."

"Ai ka ga nauyinta."

Ta karɓi kayen ta karanta. Da ta kai wurin gwangwanin madara sai fuskarta ta sauya. Ta zauna a kan dutsen da ke tallafe da rumbu, ta ce in zauna.

Ta ce a site, wato gidan kwanan ɗalibai, su huɗu ne a ɗaki. Ɗaya daga cikinsu ƴar wajen Mayahi ce, mai kai kamar na'ura, ita ke yi wa sauran bayanin lissafi. Bara abin ya same ta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ji tsoron zuwa ɗakin shan magani na jami'a da ke nan kusa, don a ganinta za a tambaye ta, a rubuta sunanta, labari ya kai gida. Ta aiki wani ya sayo mata irin waɗannan ƙwayoyi a tasha, a leda, ba suna. Kwana uku tana zubar da jini tana cewa zazzaɓi ne, tana wanke zanenta a ɓoye. Rana ta huɗu ta faɗi a hanyar famfo. Su Yaya ne suka ɗauke ta a moto, ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da ita a baya. A asibiti aka ƙara mata jini, aka ce da sun ƙara yini guda da sai dai gawa.

"Ta rayu?"

"Ta rayu. Yayanta ya zo ya kwashe kayanta. Har yau katifarta na jingine a bango."

Na miƙa hannu na karɓi kayena.

"Ni ban ce ta yi daidai ba," in ji Yaya. "Wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Abin da na sani, kwana uku tana kwance taku kaɗan daga mai farar riga, kuma ta fi tsoron mai farar rigar a kan mutuwa. In za ka yi espozenka, ga abin faɗi nan. Amma kafin nan, kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ina da aikin gwaji a satin farko na komawa karatu."

Washegari na fara gyara. Na yi alwala na ɗauko Alƙur'ani na ce wa Baba zan dafa. Ya karɓe shi daga hannuna a hankali ya mayar da shi gafaka. "Ɗiya ɗaya ta ishe ni jarrabawa," ya ce. "Ba zan bari ka haukace a kan wannan ba." Wato ko a gaban Littafi, Baba ya fi tsammanin ƙarya daga gare ni.

Sai na tuna da Mushe. Na kira lambarsa sau goma sha ɗaya, matar nan ta cikin salula tana ce mini ba a samunsa. Wani ɗan ajinmu ya ce ya tafi garinsu Kona hutu. Na roƙi wani ɗan kabu-kabu abokin wasana ya kai ni. Hanyar rairayi ce, mun faɗi sau biyu, sau ɗaya a kan ƙaya.

A Kona aka nuna mini gona. Na hangi wani mutum da yagaggiyar riga da malfa yana sauke taki daga amalanke. Na ce, "Sannu baba, don Allah ina zan ga Mushe?" Ya ɗago. Shi ne. Mutumin da ke korar mu daga aji in rigarmu ba guga, ga shi kashin awaki har gwiwa. Na kasa sanin inda zan ajiye idona.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya jingina da shebur. "Na ce ka je da ƙafarka. Ban ce ka je da yayarka ba."

Amma ya zo. Kwana biyu bayan nan ya iso Maijirgi a motonsa, ya yi wanka ya sa riga mai guga. Ya zauna a zaure da Baba ya yi bayani tiryan-tiryan, ya karanta kayen yana fassarawa. Baba yana gyaɗa kai. Na fara jin iska na shiga ƙirjina. Sai muryar Gwaggo ta fito daga bayan labulen zaure, don ba ta taɓa yin nisa da inda ake magana ba.

"Ashe a lakkol ɗin anka koya musu. To in ƙaramin lakkol ya aiki yaro neman maganin zubar da ciki, babban lakkol mi yaka koya ma ɗiya mace?"

Mushe, mutumin da ke iya magana awa biyu a kan hanjin kwaɗo, Gwaggo ta kashe shi da tambaya ɗaya. Kafin ya tafi, Baba ya yarda akwai aikin lakkol. Amma ya ce aikin lakkol bai hana a haɗa da aike ba, mutum yana zuwa kasuwa da buƙata biyu. Har ya fara tunanin ko ni ma noma ya fi dacewa da ni. Na je ɗauko ruwa na dawo da fetur.

Litinin ta zo, motar Maradi ta tashi. Yaya tana tsakar gida tana surfe, ta ji ƙahonta, ba ta ɗago ba. Taɓaryar dai ta ƙara nauyi. Na tabbata a ranta kaina ne a turmin.

Ran Laraba da safe ta yi wanka ta sa hijabinta, ta je ta durƙusa gaban Baba.

"Baba, ina neman izini in je gidan likita. Gwaggo ta raka ni. Ita za ta riƙe kwalbar fitsarin gwajin da hannunta."

Baba ya ce, "Ba sai an kai ga haka ba."

"An riga an kai, Baba."

Muka tafi mu uku, Gwaggo a gaba kamar mai jan rundunar yaƙi, Yaya a tsakiya, ni a baya, don Yaya ta ce dole in ga abin da bakina ya saya. Ta tsakiyar gari muka bi. Yaya ce ta zaɓi hanyar. Duk wanda muka wuce sai ta gaishe shi, ta tambayi iyalinsa, ta jira amsa.

Sajfam ɗin gidan likitan, wato ungozomar asibiti, babbar mace ce, Kirista, wadda rabin yaran Maijirgi a hannunta suka faɗo, har da ni. Ta saurari Gwaggo, ta saurari Yaya. Ni ko tambayata ba ta yi ba. Suka shiga ciki aka bar ni a benci tsakanin mata masu ciki bakwai, kowace tana kallona tana raɗa. Ɗaya ta ce, "Shi ne ɗan aiken?" Ɗaya ta ce, "Wata nawa, ɗan samari?" Minti ashirin ɗin nan sun fi mini shekarar karatu tsawo.

Da suka fito, sajfam ba ta rage murya ba, kuma na san da gangan ta yi.

"Ba ciki, kuma ba a zubar da komai ba. Da an zubar kwanan nan da gwajin ya nuna. Yarinya lafiyarta lau." Ta juya ga Gwaggo. "Hajiya, irin wannan kotun taku ce ke sa yara su ƙi zuwa wurina sai sun kusa mutuwa. Ni nake wanke su, na sani." Sannan ta dube ni daga sama har ƙasa. "Kai kuma, ranar da aka haife ka sai da na mare ka kafin ka yi kuka. Ashe da na bar ka shiru."

Gwaggo ba ta ba da haƙuri ba, ba a san ta da wannan ba. Abin da ta yi shi ne ta sauya sheƙa a nan take. Kafin mu kai gida ta tsaya ƙofa biyar tana shelar cewa ita dama ta san ɗiyar ƙanenta, jininsu ba ya haka, kuma duk wanda ya sake buɗe baki zai gamu da ita. Mai ƙuli-ƙuli ta sha zagin da ya kamata a raba mana mu biyu. Inna kuwa ranar ta yanka zakara, kuma cinya biyu duk a kwanon "yarinyar nan" suka sauka. Ni wuya aka ba ni.

Na ɗauka shi ke nan. Amma Baba ya yi kwanaki bai ba Yaya izinin komawa ba. A majalisa wasu sun ce ai likita ma mutum ne, ana iya gyara masa baki. Maganar da ta fita ba ta komawa duka, ko Gwaggo ce ke korar ta. Kuma labarin yarinyar Mayahi, da ni da bakina na ba Baba don in nuna masa amfanin aikina, shi ya fi tsaya masa a rai. Ya tambaye ni sau biyu, "A ɗaki ɗaya suke kwana?"

Na koma Tasawa na yi espozena. Na faɗi abin da na gani a gwangwani, na ba da labarin yarinyar ba suna ba gari. Na shirya wuraren dariya guda uku, ban yi amfani da ko ɗaya ba. Da na gama wata ƴar ajinmu ta tambayi Mushe ko gaskiya ne in mace ta je asibiti tana zubar da jini za a duba ta. Ya ce za a duba ta, kuma kada wadda ta jira kwana uku. Ya ba ni maki mai ɗan dama, ya rubuta a gefe da jan bik cewa hanyar binciken ba ta da kyau.

Daga ƙarshe Baba ya yarda, Yaya ta koma Maradi kwana tara bayan an koma karatu. Baba ya hana ta zama a site. Tana gidan wata ƴar'uwar Inna a can ƙarshen gari, tana tafiyar kusan awa guda a ƙasa kowace safiya. Aikin gwajin ya wuce ta, ta yi shi a zagaye na biyu, ta ci. Yanzu tana shekara ta uku.